Akwatin Tsaunin Gora

A zauren babana, can gabas da Tawa,
akwai akwatin katako mai tsaga a ka.
Irin albasa ke ciki yanzu.
An toshe tsagar da tsumma saboda ƙwari.

A da, ƙauyuka goma sha bakwai ke zuba bakinsu a nan.
Sunansu ɗaya a takarda, mazaɓar Tsaunin Gora,
kujerarsu ɗaya a Yamai,
wadda ba wanda ya taɓa ganin ƙafarta a cikinmu.

Babana Tankari ke riƙe da rajista
don ya yi lakwal shekara huɗu.
Ran zaɓe jakin Bizo ke ɗaukar akwatin,
a bi ta kan fako, tsakuwa na cin kofato,
a gangara kwari, a sake hawa.
Kafin hantsi, mata sun yi layi a gindin aduwa.

Ya kira suna, a amsa.
Ya kira suna, a ce yana Abijan neman kuɗin haraji.
Ya kira suna, shiru,
sai wata tsohuwa ta ce, "Wanga tun bara muka ruhe shi."
Babana ba ya soke matattu.
Ɗigo kawai yake sawa a gefe,
wai alƙalami bai isa ya kashe mutum sau biyu ba.

Depite na farko, Nomau mai dogon wuya,
ya yi alkawarin gada a ƙoramar da ke raba mu da kasuwa.
Ginshiƙai biyu suka tashi.
Suna nan. Awaki na sosa jiki da su.

Wata asuba rediyo ta bar magana, ta kama busar soja.
Aka ce kowa ya koma gonarsa.
Na yi haƙori, na famfara, na fara ɗaukar tulu,
ba a kira sunan kowa ba.
Lokacin ne innata Tsahara ta fara zuba iri a ciki,
ta ce abin da ba ya aiki, a ba shi aiki.

Da aka dawo, aka zazzage, aka goge.
Muka ga depite biyu bayan Nomau:
ɗaya ya kawo famfo,
ɗaya ya kawo atamfa mai fuskarsa,
fuskar ta koɗe kafin damina biyu.

Fensir ne ya ci Tsaunin Gora.
Wani a biro, fanka na juyawa bisa kansa,
ya ja layi a taswira, ya tafi cin abinci.
Tara suka bi gabas, takwas suka bi yamma.
Layin ya ratsa tsakanin gidanmu da rijiyarmu:
muna zaɓe da waɗansu, muna sha da waɗansu.
Aka kawo akwatunan roba da ake ganin cikinsu.
Ba wanda ya zo karɓar tsohon.

Yanzu idon babana ya yi hazo.
Bayan la'asar yakan ce in ɗauko rajista.
Ni ke kira, shi ke amsa musu.
"Yana nan."
"Abijan."
"Sa mishi ɗigo."
Ɗigo ya fi suna yawa a shafi na uku.

Jiya na kai kan sunansa, na tsaya.
Ya ce, "Tsallake, ɗiyata, ba a kiran mai kira."
Sai ga Tsahara da ƙwarya a hannu,
wai mu ɗage littafinmu daga kan murfi,
lokacin yafa iri ya yi.