Daga Tuta Biyu Zuwa Tulu

Uwata Herminia ba ta san ko bihim ba,
amma ta haddace cikin ƙasar birnin Meziko
fiye da masu zana taswira.
Kowace tasha da hotonta a bango,
da hotuna take karanta hanya.

Biyar na asuba a Pantitlan, tashar tuta biyu,
jama'a na gangara matakala kamar gero a mazurari.
Ta cusa hannuna a aljihun rigar sanyinta,
ta ce: Amparo, riƙe ni, kar ki riƙe ƙarfe,
ƙarfe bai san 'yar kowa ba.

Layin ruwan hoda, jirgi ruwan lemo,
ƙafafunsa na roba, ba ya ƙaƙas-ƙaƙas,
huci yake kamar sa da ya sha gudu.
Taragon gaba namu ne, mata da yara.
Wata na zizara gazal jirgi na tangaɗi,
ko kuskure babu.

Agwagwa, in ji uwata.
Sai akwatin tuffa,
inda warin albasa da kifi ke riga mutane shiga.
Jirgin ruwa. Maɓuɓɓuga. Igwa.
A nan makaho Anacleto ke shigowa
da cingam da batir da allurai,
peso goma, peso goma, ranku ya daɗe,
ya ratsa cunkoso bai taka kowa ba.
Gaggafa. Ƙararrawa.
Idan kin ga fara, gyara ƙunshinki.
Idan kin ga malam-buɗe-littafi, tashi tsaye.
Malamin ya buɗe mata fiffike shekara talatin da ɗaya,
littafin bai taɓa buɗuwa ba.
Ita kuwa ko a jikinta.
Tulu ne namu. Tacubaya.
Can sama akwai gidan likitan haƙori
mai tagogi goma sha huɗu,
ita ke goge su.

Sau ɗaya barci ya sace ta a tsaye,
muka zarce har ƙarshen layi.
Aka yanke mata kuɗin rabin yini.
Ta saya mini dafaffiyar masara da barkono a bakin tasha,
ta ce tunda an riga an yanke, mu ci.

Yanzu ni ke gaba, ni kaɗai a ɗakin tuƙi.
Rami na zuwa, fitilu na wucewa ɗaya-ɗaya,
kore, kore, ja.
Taragu tara a bayana, cike da numfashin mutane
da ban san sunan kowa ba.
Sama da kaina coci-coci ne da kasuwanni,
da tsohon tafki da aka binne da ransa,
yana tsotsar birnin a hankali.
Na iya karanta kowane allo,
na ci jarrabawar sigina da ta birki,
amma a zuci har yau
agwagwa nake cewa, igwa, fara.

Idanunta sun yi hazo bara waccan.
Hotunan sun narke, sun koma dusu-dusu.
Ranar Lahadi ƙanena Fidencio kan kawo ta,
ta zauna bayan bangon da nake jingina.
Ya ce takan rufe ido ta kira su duka,
daga kwanar da jirgi ya karkata,
daga tsawon duhu tsakanin ƙofa da ƙofa,
daga wari.
Ba ta taɓa ɓata ba.

Da dare, tana ɓare wake a kwano,
na tambaye ta yaya tuƙina.
Ta ce ba laifi.
Sai dai a agwagwa kina taka birki da ƙarfi,
akwai masu ɗauke da ƙwai.