Farfelar Kyari

A ƙasan adakar kakana
na tarar da zane goma sha ɗaya, gara ta ci na bakwai.
Rubutun nasara ne. A gefe, da ajami,
Kyari kafinta ya sa: "Nan sun yi ƙarya,
itace ba ya lanƙwasa haka."

Wata takwas akwatin ya yi a hanya
kafin ya iso Zango:
ƙusoshi, waya, farfela guda.
Sauran, in ji takarda, nemi a garinku.

Ya nema.
Injin babur. Akoko yadi arba'in,
Yagana ta ɗinke shi a gaban aci-balbal, tana mita.
Danƙon da ya dafa ya kori maƙwabta kwana uku.

Ya tashi?
Tsofaffin Birni sun kasu biyu.
Wasu sun ce ya haye duwatsu, inuwarsa ta watsa awaki.
Wasu sun ce fiffike ya fi ƙofa faɗi,
shi kuwa ya ƙi rushe katangar ubansa.

Ni dai farfelar na sani.
Tana rataye a zaure.
In an buɗe ƙyaure takan ɗan juya,
kaɗan,
sannan ta tsaya.