Wasa na Biyar

Shekara goma sha ɗaya nake share filin nan
tun asuba ba ta gama wanke fuska ba.
Na san shi yadda harshe ya san giɓi.

Akwai tsaga a siminti, kusurwar hagu,
taku uku daga layin jifa.
Ƙwallo in ta faɗa nan sai ta mutu,
ba ta tasowa hannu.
Yaranmu ido rufe suke kauce mata.
Baƙo kuwa sai ya duƙa
kamar wanda dalarsa ta faɗi a kasuwa.

Kwandon gabas ya ɗan sunkuyar da kai
tun ranar da Jadi ya rataya jikinsa don murna;
rage ƙarfi kaɗan, zai karɓa.
Na yamma kuma, biyar da rabi,
rana ke zama bayansa
tana zuba barkono a idon mai jifa.
Mu mun iya lumshewa.

Wata shida muna tsintar nasara
kamar masu kalar gyaɗa, ƙwaya, ƙwaya,
don kawai takarda ta ce:
biyu a Maraɗi, biyu a Damagaram,
in an kai na biyar, a dawo gida.
Da nasara ɗaya tak muka fi su.
Ita ta saya mana wannan layi na ƙarshe.

Biyun farko muka cinye.
Haɓsu mai ƙuli-ƙuli ta yi ihu har murya ta dushe,
ta koma buga faranti.
Sai hanya. Tasawa, zafi, kujerar mota,
Tsahiru dogo ya naɗe ƙafafu kamar tabarma.
Can kwandonsu bai san sunanmu ba.
Ganga a bayan kunne,
kwana ɗaya tsakanin wasa da wasa,
gwiwar Nomau ba ta huce ba aka sake busa usur.
Biyu da biyu.

Muka ce ba komai,
zakara a kan jujinsa ya fi cara.

Kwana uku aka ba mu hutu,
a cikin ukun nan kwamiti ya tuna da mu.
Manyan baƙi za su zo, in ji su, kada a ji kunya.
Laraba na iso da tsintsiyata
na tarar da magina.
Sun cike tsagar, sun shafe ta sumul.
Mai walda ya miƙe wuyan kwandon gabas.
An ɗaga wasa zuwa takwas na dare, an kafa fitilu,
rana ba za ta buga mana ba.

Na tsaya, sabon fenti na shiga hancina.
An yi mana alheri,
an kwashe mana gida.

Daren ya zo. Bagalam ta zo, Mokoyo ta zo,
ƴan kabukabu sun jera babura har bakin titi.
Jifar Jadi ta farko ta gaza kaiwa:
ya rage ƙarfi don kwandon da ya daina sunkuyo.
Ta biyu ma haka.
Na ji cikina ya ɗuri ruwa.

Saura minti biyu, suna gaba da ɗaya,
Nomau ya ɗauko ƙwallo ta hagu, yana ɗingishi,
ya nufi wurin, kai tsaye.
Mai tsaronsa, yaron Damagaram
da tsagar ta kunyata sau huɗu ran Asabar,
ya ja baya, ya buɗe hannu
yana jiran ƙwallo ta mutu.
Ba ta mutu ba.
Ta taso lafiya, Nomau ya wuce shi.

Sauran ku tambayi masu rubuta maki,
ni faranti kawai na ji, da kukan Tsahiru.

Da safe na zo shara.
Ɓawon gyaɗa, ledar ruwa, takalmi ƙafa ɗaya.
Da na kai kusurwar hagu,
taku uku daga layin jifa,
tsintsiyata da kanta ta ɗaga,
ta tsallake.