Tambaya ta Huɗu

A wani ofis da ke bakin gaɓar Semporna
fanka na juyawa kamar mai gyangyaɗi.
Jami'i ya turo takarda, ya ce a cike.
Sulbin bai san baƙi ba,
'yarsa Dalmiya ce ke karanto masa.

Suna? Ya faɗa.
Sunan uba? Ya faɗa, ya ƙara da na kaka ba a tambaye shi ba.
Shekaru? Ya ce: ran da guguwa ta kifar da jirage tara
haƙorana biyu.
Jami'i ya rubuta hamsin.

Tambaya ta huɗu: ƙasa.

Sulbin ya dubi tafin ƙafarsa,
wanda gishiri ya jeme,
wanda in ya yini a kan tudu sai jiri ya ɗebe shi.
Ya ce: a cikin kwalekwale aka yanke mini cibiya.
Ta wane gefen layi? in ji jami'i.
Wane layi?
Aka nuna masa taswira a bango,
jan zare ya tsaga shuɗi gida uku:
nan Malesiya, nan Filifin, can Indunusiya.
Ya ce: na yi nutso a nan ya fi a ƙirga,
ban taɓa karo da zaren nan ba.

A harshen jami'in, in za a ce ƙasar haihuwa
kalma biyu ake haɗawa: ƙasa da ruwa.
Sulbin na da rabin kalmar.
Rabi ba ya karɓar hatimi.

Al'umma kuwa, akwai ta.
Harshe guda, sara guda na sassaƙa jirgi,
garin shinkafa a fuskar mata saboda rana,
kowa ya san wanda zai kira in igiya ta tsinke.
Tuta ce babu, da soja, da mai buga tambari.

Amma duniya ta san hanyar gidansa.
Kokwambar teku da ya tsinto da numfashi ɗaya
jibi tana cikin miya a Hong Kong.
Baƙi na zuwa da kyamara, su jefa wa yara alewa,
hoton Dalmiya ya je biranen da ba za ta taka ba.
Da asuba igiyar ruwa na kawo masa saƙo:
gorar roba, silifa wari guda,
leda mai rubutun da ko jami'in ba zai iya karantawa ba.
Manyan jiragen kaya na wucewa da akwatuna dubu,
kowane akwati da lambarsa, da takardarsa.
Kifi ya fita da izini.
Mai kamun ne ba shi da shi.

Jami'i ba mugu ba ne.
Ya duba agogo, ya ciji biro,
ya ce: ba a barin gurbi, kwamfuta ba ta yarda.

Dalmiya ta ce: Baba, ai Kaka na da ƙasa.
Gaskiya ne.
A ɗan tsibirin nan mai kwakwa bakwai suka rufe ta,
ƙasa kamu shida, ba wanda ya nemi shaida.

Sulbin ya ninke takardar, ya sa a cikin hula.
Ruwa ya fara janyewa,
in bai yi sauri ba jirgin zai zauna a kan yashi.