Sunaye Uku a Bayan Kwalin Sukari

Baƙon da zai zo daga Kaduna ya ce uku yake so,
uku kacal, a jere, na farko a sama.
Ni kuwa yara goma sha tara gare ni
a filin bayan firamare, nan Yelwan Yawuri,
inda ragarmu tsohuwar koma ce da masunta suka yar.

Daren Talata. An ɗauke wuta.
Na jingina tocila da buta, na yage kwalin sukari,
biro a baki, sauro a idon sawu.

Arzika na fara rubutawa, hannuna bai shawarce ni ba.
Ƙafar hagun yaron nan tana da ido.
In ya karɓi ƙwallo a bakin layi
har mai rake yakan manta canji.
Amma ya san ya iya, nan ciwon yake.
Ba ya dawowa tsaro, ba ya jin usur sai na biyu,
ranar da aka ɗura mana huɗu a Koko
dariyarsa na ji a bayan mota.
Na soke. Na sake rubutawa.

Labbo, mai tsaron gida.
Tafinsa ya yi kanta wajen jan taru tun yana ɗan shekara bakwai,
abin da ya kama ya kamu.
Sai dai gajere ne, baƙon kuwa da awo yake yawo.
Kunya ba ta hana ni ba, jiya na je bakin kogi
kamar mai cinikin kifi, don in duba tsawon babansa.
Dogo ne. Sai aka ce mini dangin uwa ya ɗebo.

Nomau shekararsa sha biyar.
Bara ma sha biyar ce, da bara waccan.
Na gan shi wurin wanzami ana kankare masa haɓa.
Duk da haka, ba a taɓa wuce shi sau biyu ta hanya ɗaya ba.

Sai Kakale, wanda ba mai tafa masa,
siriri kamar karan dawa, ga tari in an yi sanyi.
Bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba,
ban san ko ƙafarsa za ta gane shi a cikin takalmi ba.
Amma yana ganin gurbi tun kafin gurbin ya buɗe,
ya tura ƙwallo inda babu kowa,
a yi masa ihu, can sai ga mutum ya iso.
Ina zan rubuta wannan? Baƙo minti arba'in zai yi.

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau
daga Laraba ake gane ta.
Ni na ga Larabar da ta yi ƙarya.
Shekara talatin ke nan Malam Gado ya jera mu a bayan takardar magani,
ni ne a sama, har da layi biyu a ƙarƙashin sunana.
Jatau na bakwai, shi ke ɗaukar mana jarkar ruwa.
Gwiwata ta tsaya a Sakkwato, wata na biyar.
Jatau ya yi kaka tara ana kiran sunansa a rediyo,
har yau in ya zo gida yakan ce mini kyaftin.

Tocila ta fara ja.
Ɗaya, Arzika, Allah ya shirye shi.
Biyu, Nomau, da shekarunsa ko nawa ne.
Uku, na daɗe a kan uku,
har ladan ya yi gyaran murya.
Labbo.

A gefen kwalin, inda ya lanƙwashe,
na sa Kakale da ƙananan baƙaƙe, ba lamba,
yadda in baƙon ya riƙe, babban yatsansa zai iya rufewa.

Da hantsi suka taru, wasu da aron safa.
Ba wanda ya kalli fuskata.
Aljihun rigata suke kallo.