Ƙirgen Malam Ya'u

Bara, bayan an ɗaure gero,
wani ɗan Sankara ya ɗaga ni kamar damin kara
ya maka ni da ƙasa a filin Taura.
Haƙarƙari bai karye ba.
Abin da ya karye,
babu mai ɗorin da ya san inda yake.

Tun ranar, ko daga nesa na jiyo ganga
sai gwiwata ta zama ruwa.
Baba ya sayar da tunkiya, aka karɓo guru,
na sha jiƙo mai ɗaci har idona ya kaɗa,
gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

Malam Ya'u, wanda ya koya mana guje-guje a firamare
kafin fansho ya mai da shi gonar riɗi,
shi ya tare ni a bakin rijiya:
"Lawandi, ƙarfinka yana nan.
Kai ne ba ka nan."

Bayan la'asar, gindin tsamiyar makaranta,
ya shimfiɗa buhun taki, ya ce in kwanta.
"Rufe ido. Ja numfashi kamar mai jan guga,
sannu, kada ruwan ya zube.
Goma. Kafaɗa, sauke kayan da ba naki ba.
Tara. Muƙamuƙi, saki."
A bakwai na daina jin injin niƙa.
A biyar, ƙudan da ke goshina ya zama na wani.
Ba barci ba ne, ba farke ba,
wani ɗan soro ne a tsakaninsu
wanda ban taɓa sanin gidanmu yana da shi ba.

"Me ka gani?"
Ga yashi, ga jama'a, ga dariyar 'yan mata.
"Bar su. Kalli ƙafarsa."
Sai ga ta, ta hagun,
tana ɗan ɗagawa kafin ya kawo cafka.
Ashe na gan ta tun bara,
kunya ce ta zauna a kai.
Sau arba'in ya kayar da ni a kan buhun nan
kafin na koyi tsayawa.

Gari ya ɗauka: tsoho ya koyo tsafin birni.
Liman ya zo da kansa, ya tsaya jikin katanga,
ya tarar da dattijo yana ƙirge, yaro yana numfashi.
Ya gyara rawani ya ce,
"Tara hankali ai ba laifi ba ne,"
ya wuce.

Bana, filin dai, yashin dai.
Ganga ta kira sunana, gwiwa ta fara tsohon halinta.
Na sunkuya kamar mai gyaran warki,
na ce goma, na ce tara,
ban kai shida ba ƙasa ta kama tafin ƙafata.
Ƙafar hagu ta ɗaga.
Sauran labarin ku nema a bakin 'yan Sankara.

Wani ɗan Majiya ya kayar da ni a karo na uku,
na tashi ina kakkaɓe yashi, ina jin yunwa.
Yunwa kawai.

Na iske Malam yana cinikin rake.
Na ce, "Wai me ka zuba mini?"
Ya tofar da ɓawo.
"Ƙirge ne, ɗan nan.
Tun aji ɗaya ka iya shi."