Idon Koma

A bakin Binuwai nake zama, ƙasan gadar Garwa,
ina ɗinkin koma tun ba a haifi uban Tasalla ba.
Yanzu ita ke zuwa mini da la'asar,
jakar lakwal a wuya, ƙafa duk yashi,
ta ce, "Kaka, saurara."

Sai ta buɗe littafi ta zuba.
Faransanci na gudu a bakinta
kamar ruwan Agusta,
ba tuntuɓe, ba tsayawa shan iska.
Masu kwalekwale suka ce tubarkalla.
Ni kuwa na ce, "To, wa ya yi tafiyar?
Me ya fitar da shi gida?"
Ta dubi shafi, ta dubi kogi,
ta sosa ƙeya.

Na ɗaga mata tsohuwar komata,
wadda hannu ke wucewa ta idonta.
"Kin yi jifa mai kyau, 'yar nan,
kin jawo da ƙarfi.
Ruwa kika kamo."

Kwana biyu tana fushi.
Gaisuwa ma sai daga nesa.

Ran na uku ta zo da gwangwanin madara.
Malam Hamajoda ne, in ji ta, ya ce
duk kalmar da ta tsaya a wuya kamar ƙaya,
kar a haɗiye, kar a tofar.
A rubuta a guntun takarda, a jefa ciki,
a tambayi maƙwabtanta, ta gaba da ta baya,
in sun ƙi faɗa, a nemi babba.
Ta girgiza gwangwanin a kunnena.
Bakwai ne a ciki, suna motsi kamar 'yan tarwaɗa.

Daga nan karatun ya rage gudu.
Ta yi layi biyu, ta tsaya,
ta koma baya kamar mai neman ɗan kunne.
Masu kwalekwale suka ce yarinya ta lalace.
Na yi shiru, na ci gaba da ƙulli.

Wata rana ta nuna mini hoto.
"Littafi ya ce kifi."
Na ce wane kifin?
Ta ce kifi dai.
Na yi dariya har allura ta faɗi.
Karfasa ce ko kurungu?
Ragon ruwa ne mai kwana a laka,
ko giwan ruwa da sai mutum biyu?
Ko minjirya, wadda ta koya wa babanki hankali
shekarar da ya ce shi ba ya jin magana?
Ta ce, "Kaka, a hankali,"
tana yagar takarda, tana rubutu a gwiwa.
Ni da ban san baƙin boko ba,
ran nan sau tara na shiga gwangwani.

Damina ta wuce, ruwa ya ja baya,
gwangwani ya cika, aka samo na biyu.

Jiya aka manna takarda a jikin rumfar awo,
da hatimi, da sa hannu.
Muka taru muna kallonta kamar baƙon da ba ya jin Hausa,
ba ya jin Fillanci.
Tasalla ta kutsa ta ƙarƙashin hammata.
Ta karanta sau ɗaya, leɓe kawai ke motsi.
Ta sake.
Ta ɗora yatsa kan wata kalma, ta daɗe a kai.
Sannan ta juyo, ta rage murya:
"Kaka, da kai ake.
Sun ce koma mai ƙananan ido
tana kwashe 'ya'yan kifi,
wanda aka gani da ita, tara."

Ni da na ce ta matse idon komarta,
ga shi ni ta fara kamowa.

Yau tun asuba nake warware ƙulli.
Tana gefena da littafi,
ba ta sauri.